Barka da Sallah daga Bradford: Zauren Baba a Bayan Gilashi

Bradford, Ingila
Lahadi, 1 ga Shawwal 1446, 30 ga Maris 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta wadda na san ita za a miƙa wa waya ta karanta wa kowa. Auta, ki bari sai an sauko daga idi an ci tuwo, Baba ya ɗan kishingiɗa, sannan ki karanta a tsanake, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa muna cikin 'yantattun bayinsa, ya maimaita mana cikin rai da lafiya. Ni ina nan ƙalau, aiki kuma da godiya. Na fitar da zakkar kono tun shekaranjiya, don na san Inna za ta tambaya.

Cikin daren jiya aka tura agogon ƙasar nan gaba da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk Lahadin ƙarshe ta watan Maris. Daga yau har ƙarshen Oktoba lokacina da naku ɗaya ne. Da na farka na duba waya na ga ƙarfe nawa ne a nan shi ne ƙarfe nawa a unguwarmu Gangare ta Jos, sai na ji kamar an matso mini da gida kusa. Yau ɗin kuma ita ce ranar da mutanen nan suka keɓe wa iyaye mata, ko'ina ka duba furanni ne a hannun mutane. Inna, ni ba fure na aiko ba, amma tun da na idar da sallar asuba ke nake yi wa addu'a.

Mun yi idi a cikin masallaci, ba a fili ba. Wasu masallatan garin ma sai gobe Litinin za su yi tasu, domin a nan kowace jama'a da inda take bi wajen ganin wata. Musulmi suna da yawa a Bradford, wajen kashi 30 cikin 100 na mutanen gundumar, galibinsu 'yan asalin Pakistan. Na sa farin kaftanin nan da Baba ya ɗinka mini da zan taho, na ɗora rigar sanyi a kai, saboda iskar nan ko ta Jos a tsakiyar Disamba ba ta kai ta ba. Na yi kewar wainar Inna da miyar taushe, da hayaniyar yara masu shirin zuwa gidan zu.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Akwai abin da na yi wata biyu ina yi ban gaya wa kowa a gida ba, kuma yau nake so ku ji shi, musamman Baba.

Kun san aikina na dare ne, a gidan kula da tsofaffi. In na tashi da safe nakan yi barci zuwa azahar, daga nan sai zaman ɗaki. A ƙarshen Janairu na shiga laburare, na ga takarda a allon sanarwa: wata ƙaramar ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo tana neman 'yan sa kai, masu iya fenti ko kafinta ko ɗinki. Bana Bradford ce aka zaɓa birnin al'adu na Birtaniya, don haka garin cike yake da irin waɗannan hidimomi. Su nasu aikin shi ne an ba su aron wani shago da ya daɗe a rufe a tsakiyar gari, mai manyan tagogin gilashi uku masu kallon titi, suna so su mayar da kowace taga kamar ƙaramin dandamalin wasa, yadda mai wucewa zai tsaya ya kalla ba tare da ya biya ko sisi ba, ya kuma san da wasan da suke shiryawa. Sunan ɗinki da na gani a takardar ne ya tsayar da ni. Na yi gaba, na dawo, na sake karantawa, na ɗauki lambar.

Sai na ba ku labarin garin kaɗan kafin ku gane abin da wasan ya ƙunsa. Bradford garin masaƙu ne. Da ulu ya yi suna a duniya, kamar yadda Jos ta yi suna da kuza. A unguwar Manningham, kusa da inda nake zaune, akwai masaƙar Lister, wadda a zamaninta siliki da karan-miski take fitarwa, bututun hayaƙinta har yau ana hango shi daga nesa. Bayan yaƙin duniya na biyu Turawa suka rasa masu yi musu aikin dare a masaƙun, sai mutane suka yi ta zuwa daga Pakistan, da yawansu daga yankin Mirpur, a shekarun 1950 da 1960. Su ne kakannin waɗanda na yi sahu da su yau. Masaƙun sun mutu, yadda na Kakuri a Kaduna suka mutu, gine-ginen suna tsaye kamar yadda kududdufan kuza suke kwance a wajen Bukuru. Wasan nasu a kan masu aikin dare ne, waɗanda gari ke barci suna aiki, gari ya waye a ci moriyar aikinsu ba a san fuskarsu ba.

Taga ta farko an riga an tsara ta a kan masaƙa, ta biyu a kan ma'aikaciyar jinya. Ta uku ce ba su tsayar da shawara ba. Ranar da na fara zuwa, matar da ke tsara musu dandamali, wata dattijuwar Baturiya mai furfura da ba ta rabuwa da fensir a bayan kunne, ta zaunar da mu ta ce kowa ya faɗi wani mai aikin dare da ya sani. Ni da na je da niyyar in yi kalmasar labule in koma gida, sai na ji bakina yana ba da labarin daren Sallah a zaurenmu. Na gaya musu yadda tun daga goman ƙarshe Baba ba ya kwanciya sai bayan asuba. Yadda ake ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai a ci gaba da taka keken ɗinki. Yadda yara ke zama a dakali suna gyangyaɗi, kowa ya ƙi tafiya gida sai da kayansa. Yadda Yaya ke hura gawayin dutsen guga, ni ina sa maɓalli, Inna tana aiko da shayi a fulas. Da na yi shiru, matar ta cire fensirin daga kunnenta ta ce to, taga ta uku ta samu mai ita.

Baba, zaurenku na gina a bayan gilashi.

Aikin ba yadda na zata yake ba. Tagar faɗi gare ta amma ba ta da zurfi, da na sa tef inci 46 na samu daga gilashi zuwa bango. A cikin wannan ɗan tsukin ake so mutum ya ga ɗaki sukutum. Dabarar masu dandamali ita ce abin da ke gaba a bar shi da girmansa, na baya a yi ta rage shi, sai ido ya ɗauka wurin yana da nisa. Kafintanmu, wani saurayi ɗan garin, ya yi kantar ajiye yadi wadda take tsukewa tana yin baya, ya yi ƙofar zaure da ba ta kai kafaɗata ba. Ta cikin ƙofar wata ɗaliba ta zana lungu da hasumiyar masallaci 'yar ƙarama, da duwatsun nan namu da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su. Hoton da Yaya ya taɓa turo mini daga hanyar Shere na nuna mata. In ka tsaya a kusa ka san katako ne da fenti, in ka ja baya taku goma sai ka rantse za ka iya shiga ka fita ta baya.

Na kuma koyi cewa da rana gilashi madubi ne. Muddin cikin taga bai fi titi haske ba, mai wucewa fuskarsa kawai zai gani da motocin da ke bayansa. Saboda haka fitilu suka ci mana lokaci fiye da komai. Mai haɗa wutar ya saita su yadda cikin 'yan mintoci haske zai tashi daga shuɗin tsakar dare, ya koma jaja-jajan alfijir ta ƙofar baya, sannan ya sake komawa dare. Fitilar ƙwai kuwa mun samo ta gaske, amma ba a yarda da harshen wuta ba ko kaɗan, sai aka sa mata ɗan ƙwan lantarki mai kyaftawa a wurin lagwani. Kowane ƙyalle da zai shiga tagar sai da muka fesa masa maganin hana kama wuta muka shanya. 'Yan uwan aikina suna ganin ƙa'ida ce kawai ake cikawa. Ni kuwa ina fesawa ina tuna safiyar nan ta 2002 da babbar kasuwar Taminus ta ƙone, ina ɗan shekara tara, Baba ya dawo gida da toka a gashin ido bai ce wa kowa uffan ba. Shaddodin mutane, da almakashi, da littafin awo, duk sun tafi. Kan keken Butterfly da aka kawo gida gyara shi kaɗai ya tsira, kuma da shi aka sake farawa a zaure. Babu ƙyallen da na bari bai jiƙe sharkaf da maganin nan ba.

Keken da muka sa a tagar tsohon Singer ne na ƙafa, daga ɗakin ajiyar kayan wasansu aka jawo shi, ƙura ta rufe shi. Irin waɗanda aka ƙera a Clydebank ta Scotland ne, masana'antar da aka rufe tun 1980. Sun ce ado ne kawai, ba sai ya yi aiki ba, har wata ta riga ta naɗa masa jan zare ta ko'ina don ya yi kyau a ido. Na roƙa a bar mini shi kwana biyu. Na kwance farantin allura, na kakkaɓe tsohuwar audugar da ta cushe a haƙora, na ciro ƙoshiya na goge, na ɗiga mai a kowace huda, na rage tsawon bel ɗin da ya saki. Da ƙanshin man keken nan ya bugi hancina sai da na ajiye kwalbar na zauna. Shekara goma sha ɗaya rabona da in taɓa keke, amma hannuna bai tambaye ni hanya ba: zare ya bi ta inda ya kamata ya bi, ya sauka, ya hau, ya shiga allura daga hagu. Na ɗora ƙafa na taka. Sautin da ya fito shi ne wanda na yi ƙuruciyata ina barci a cikinsa.

A kansa na ɗinka ƙananan kaftani huɗu da 'yar doguwar riga ɗaya, na rataye su a igiya, kowanne da 'yar takarda maƙale da allura mai ɗauke da sunan mai shi, yadda Baba ke yi. Sunayen yaran Yaya na rubuta, da na Auta. Shadda irin tamu ban samu ba a shagunan yadin garin, nasu kayan na 'yan Pakistan ne, sai na yi da farin yadi da ruwan bula. 'Yar rigar kuwa, Inna, da ƙyallen atamfar nan mai ganye na yi mata wuya, wanda kika ɗaure mini kuka da yaji a ciki. Ban taɓa iya yar da shi ba. A jikin bango na rubuta awo da alli da Hausa: tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya. An ce in fassara a ƙasa, na ce a bar shi haka, duk wanda ya taɓa zuwa wurin tela zai gane.

Abu ɗaya muka yi ja-in-ja a kai. Sun so a zaunar da mutum-mutumi a kan kujera, a sa masa hula, ya zama shi ne telan. Na ce a'a. Na san Baba ba zai so a yi siffarsa ba, ni ma kuma zuciyata ba ta kwanta da a ce wannan abin roba mai sanyin fuska shi ne mahaifina ba. Na ce a bar kujerar ba kowa, a ɗan ja ta baya kamar yanzu aka tashi. A bar riga rabi a ƙarƙashin allura, tef a rataye a kan keke, kofin shayi da saura, gurbin buta da ɗan jiƙon ruwa a ƙasa. Telan ya fita sallar asuba ne, yanzu zai dawo. Mai tsara dandamalin ta yi shiru tana kallon wurin, can ta ce a wasan kwaikwayo babu lokacin da ya fi riƙe 'yan kallo kamar gab da ɗan wasa zai shigo. Aka bar shi yadda na ce.

Daren Juma'a muka kafa. Na nemi hutun kwana uku a wurin aiki tun da wuri. Mu bakwai ne, uku muna azumi, sauran huɗun suka ƙi cin komai sai da muka sha ruwa tare a kan kwali, da dabino da samosa da wata baiwar Allah ta kawo. Hanyar shiga tagar 'yar ƙofa ce a gefe, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace. Dole a fara da bangon baya a yi ta matsowa gaba, in ka manta abu ɗaya a baya sai an kwashe na gaba duka. Keken sai da muka raba kai da ƙafa muka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, na haɗa shi a durƙushe. Ba a shiga da takalmi. Mutum ɗaya yana tsaye a tsallaken titi cikin sanyi da waya a kunne, yana cewa a ɗaga igiya kaɗan, a juya fitila hagu, domin wanda ke ciki ba ya ganin abin da yake yi. Abu na ƙarshe shi ne goge gilashi ta ciki, kana gogewa kana ja da baya har ka fita. Wajen ƙarfe 3 na dare muka rufe, na wuce gida na yi sahur.

Da safe aka kira ni, wai gilashin ya yi gumi, ba a ganin komai. Shagon ya daɗe a rufe, ga laima, ga fentin da bai gama bushewa ba, ga sanyin waje. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muka aro na'urar tsotse laima, muka ɓoye ƙaramar fanka a bayan kanta tana hura gilashin, na sake shiga da safa na goge. Kafin la'asar ya washe. Fankar ma ta zo da alherin da ba mu nema ba, don iskarta tana ɗan kaɗa rigunan da ke kan igiya, kamar yadda iskar asuba ke yi in an buɗe ƙofar zaure.

Jiya da magariba aka yaye takardar da ta rufe tagogin. Ina tsaye a tsallake sai ga saƙon Yaya cewa Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Wato daren Sallah ne na gaske, kuma na san a daidai wannan lokacin Baba yana kan keke a Gangare, yara suna dakali.

Mutane suka fara tsayawa. Wata yarinya ta manna hanci a gilashi tana ƙirga rigunan. Wasu 'yan Najeriya biyu, daga jin maganarsu Yarabawa ne, suka yi ta dariya suna cewa telansu ma haka yake yi musu, sai daren biki. Wanda ba zan manta ba wani tsoho ne ɗan Pakistan, da sanda da farin gemu, jikansa na riƙe da shi. Ya daɗe bai motsa ba. Sai ya nuna keken da sandarsa ya yi wa jikan magana da harshensu. Na matsa na yi masa sallama. Jikan ya ce kakansa yana cewa wanda ya sa zaren nan ya san aiki, ba don ado aka sa shi ba. Ashe shi ma tela ne a garinsu kafin ya zo nan ya yi shekaru yana aikin dare a masaƙa. Ya tambaya ina telan ya tafi. Na ce masallaci. Ya gyaɗa kai, ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya ce in gaida mahaifina. Baba, ga saƙonsa na isar.

Yanzu sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Shekarar da na samu shiga Jami'ar Jos, kun ce in riƙa zama a zaure ranakun Asabar kada hannuna ya mutu, na ce ni ba zan ƙare a kan keke ba. A gaban yaran shago na faɗa. Ba ku ce mini komai ba, kuka ci gaba da yanka, kuma daga ranar ba ku sake kirana zaure ba. Da kuɗin keken nan aka biya mini makaranta har na gama, da shi aka cika kuɗin jirgin da ya kawo ni nan. Sai da na yi shekara biyu ina aikin dare da kaina, ina juya tsofaffi a gado ina canza musu shimfiɗa, 'ya'yansu su zo da rana su same su fes ba su san wanda ya yi ba, sannan na san abin da kuke yi mana. Ranar idi kowa rigarsa ake yabo, ku kuna sahun baya da jajayen idanu, wani lokacin da tsohuwar riga don taku ba ta samu shiga layi ba. Baba, don girman wannan rana ku yafe mini wannan magana. Inna, ki taya ni roƙo.

Na tura wa Yaya ɗan abin da ya sawwaƙa. A raba wa yara goron Sallah, a ba Gwaggo nata, a kai wa maƙwabtanmu na bayan gida tuwo kamar yadda aka saba, su da ba sa manta mu ranar Kirsimeti. Sauran na ganin likitan ido ne. Auta ta gaya mini yanzu ita ke sa wa Baba zare a allura in dare ya yi. Yaya, don Allah kada a wuce makon nan ba a je ba, kuma kafin Babbar Sallah a ƙara yaro ɗaya a shago, ni zan riƙa biyansa.

Ku gaida Kawu da mutanen gidansa, da Liman, da yaran shago ɗaya bayan ɗaya, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya ƙara wa Filato zaman lafiya, ya kawo damina mai albarka.

Tagar za ta zauna har ƙarshen Afrilu, kuma an ba ni mabuɗin 'yar ƙofar don in riƙa shiga ina gyarawa. Hotuna shida na tura ta WhatsApp ɗin Yaya. Auta, ki buɗe na uku ki ƙara masa girma ki nuna wa Baba. Wuyan ƙaramin kaftanin nan na tsakiya nake ga kamar yana ja ta hagu, na farke shi sau biyu bai zauna ba. Baba, ku duba ku gaya mini inda na kuskure, Laraba zan shiga.

Wassalam.

Ɗanku mai neman albarkarku,
daga Bradford